WA ZAI BIYA, DIREBA KO MAI MOTA?

Jawabi ga direbobin manyan motoci a Mile 2, Ikko

Da yawanku dillali ne ya haɗa ku da mai mota, babu takarda, babu shaida. Kuna kwana a layi bisa titin Apapa zuwa Oshodi, idan ma'aikatan LASTMA suka ja motar, ko aka yi karo, sai a zabtare albashinku.

To, ku sani Dokar Ƙwadago ta 1974, sashe na 5, ta hana maigida yanke albashin ma'aikaci da sunan tara. Ko da sakacin direba ne ya jawo hasara, sai jami'in ƙwadago ya yarda a rubuce kafin a taɓa kwabo. Ɓarnar da aka yi wa wani kuwa, dominta doka ta wajabta inshora.

Saboda haka kafin ka karɓi makulli, duba takardar inshora. Sa'an nan a rubuta, gaban shaidu biyu, wanda zai biya tara idan maigida ya tura ka tashar jiragen ruwa babu tikitin Eto, wanda aka soma a 2021. Abin da ka biya duka, karɓi rasit.

Allah ya kiyaye hanya, amin.