Bakin Tsofaffi da Rajistar Makaranta: Inda Asalin Gidajenmu Yake

Jawabin da aka gabatar a taron malaman makarantun Ikara da Makarfi da Kudan



Ina roƙon kowannenku, idan ya koma aji, ya tambayi ɗalibansa sunan kakan mahaifinsu. Kaɗan ne za su amsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ranar rabon gona, ko ranar neman takardar shaidar ɗan ƙasa, ko ranar da baƙo ya yi sallama ya ce shi ɗan gida ne, wannan sunan ake nema.

A Ingila, tun 1538 aka umarci kowace cocin gunduma ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma da wanda ya yi aure da wanda aka binne, kuma daga 1837 gwamnati ta soma rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Shi ya sa mutumin can yake zama gaban kundi ya bi kakanninsa har ɗaruruwan shekaru. Mu namu asalin yana warwatse ne a wurare uku: bakin tsofaffi, da takardun hukuma, da rajistar makaranta. Na ukun a hannunmu yake.

Bari in fara da tsofaffi, musamman mata. Tsakanin 1949 da 1950, wata tsohuwa mai suna Baba ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa da Zariya, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Ba ta yi boko ba, amma ta jero danginta da aure-aurensu da ƙaurace-ƙauracensu, har yau masana suna dogara da ita. Irinta suna nan a Hunƙuyi da Ikara da Makarfi, sai dai kowace shekara raguwa suke yi.

Tambayarsu tana da ƙa'ida. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗanta na fari ba saboda alkunya, don haka sai a nemi sunan a bakin wata. Tanko da Jatau da Ladi da Danjuma laƙabi ne. A nemi sunan yanka. A kuma bambance uban haihuwa da uban riƙo, domin yara da yawa sun tashi suna amsa sunan baffa ko kawun da ya riƙe su. Shekara kuwa ba a tambayarta da lamba. A ce: a zamanin wane sarki? Sarkin Zazzau Ja'afaru ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020. A tambaya ko kafin zuwan Sarauniya Kaduna ne a 1956, ko bayan rasuwar Sardauna a 1966, ko lokacin canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Da haka "tun da daɗewa" yake zama shekara.

Na biyu, takardun hukuma. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin Lardin Zazzau, ciki har da rahotannin ƙiyasin haraji da jami'an Turawa suka rubuta bayan sun shiga Zariya a 1902. Gidan Arewa, wanda aka buɗe a 1970 a gidan Sardauna, yana ajiye da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Littafin M. G. Smith, Government in Zazzau, na 1960, ya bayyana gidajen sarauta huɗu: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Amma waɗannan takardu hakimai da dagatai suka fi sani. Manomin rake da mai dafa mazarƙwaila da maƙeri, sunayensu sun fi fitowa a rajistar haraji da littafin alƙali na rabon gado. Haraji kuwa gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi a 1979. Duk gidan dagaci ko mai unguwa da ya ajiye tsohuwar rajista ko rasit, dukiya ya ajiye. Haka nan a duba bangon tsohon Alƙur'ani na gida, inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa.

Yanzu na zo kan namu. Rajistar ɗaukar ɗalibai ita ce takarda ta farko da ta ɗauki sunan mafi yawan mutanen yankin nan, musamman tun 1976 da shirin ilimin firamare kyauta ya kai makaranta ƙauyuka. Amma tana da rauni biyu. Na ɗaya, al'adar laƙa wa yaro sunan garinsu. Ita ta ba mu Aminu Kano da Shehu Shagari, ita kuma ta cika rajistocinmu da Ikara da Makarfi da Kudan. Sunan gari yana nuna inda mutum ya fito, ba ya nuna wanda ya haife shi. Na biyu, ajiya: gara da yoyon rufi da sauyin hedimasta suna cinye abin da ba shi da kwafi.

Saboda haka ina ba reshe shawara uku. Kowane hedimasta ya nemo tsofaffin rajistocin makarantarsa, ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye kwafi a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Wajen ɗaukar sabon ɗalibi, a rubuta sunan yanka, da na uba, da na kaka, da na uwa, da unguwa, da ranar haihuwa ta gaskiya, ba wadda aka ƙiyasta da ido ba; mun san wahalar da saɓanin ranar haihuwa yake jawo wa ɗalibai tsakanin takardar jarrabawa da katin ɗan ƙasa. Sannan kowane ɗalibin aji shida ya yi aikin hutu guda: ya zauna da tsoho ko tsohuwar gidansu, ya rubuto kakanni huɗu, da sana'arsu, da garin da suka taso.

Akwai gargaɗi. Wanda ya tona asali zai tarar da sarauta da malanta, zai kuma tarar da rinji da bauta, wadda ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Zai tarar da Bafulatani da Babarbare da Bamaguje a gida ɗaya. Malamin da ya bari wannan aiki ya zama abin gori a ajinsa ya yi ɓarna fiye da wanda bai yi shi ba. Kada a karanta aikin yaro gaban 'yan'uwansa sai da yardar gidansu, kada kuma a tilasta wa maraya ko ɗan riƙo abin da zai sosa masa rai. Muna neman sanin dangi ne don sada zumunci da tsare haƙƙi.

'Yan'uwa, takardun Kaduna za su jira mu. Tsofaffi ba za su jira ba. Wanda ke da kaka a raye, ya fara da ita kafin hutun nan ya ƙare.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a aikinmu.