Yadda Aljabara Ke Auna Fili Ba da Igiyar Awo Ba



Sau da yawa abokanmu na sashen shari'a da na aikin gona sukan tare mu a ɗakin cin abinci su ce, "Wai ku mutanen lissafi, tun da kuka bar lambobi kuka koma rubuta haruffa, me kuke aunawa ne?" Yau mun zo da amsa guda. Ba mu yi alkawarin cewa abin da za mu faɗa zai gina kwalbati ko ya ƙara wa wani albashi ba. Nufinmu mu nuna cewa akwai tambayar da kowa ke tsammanin ta ido ce da igiyar awo, alhali kuwa aljabara tana amsa ta da ƙidaya kurum, har a wuraren da ido ba ya kaiwa.

Ga tambayar. Ɗigo ba shi da tsawo. Layi yana da tsawo kaɗai. Fili yana da tsawo da faɗi, ɗaki kuwa ya ƙara da tsayi. Wannan ƙidaya ta 0, 1, 2, 3 ita za mu kira yawan fuska. To, lambobin da muka koya tun firamare, watau 1, 2, 3 da sifiri da na ƙasa da sifiri, fuska nawa gare su? Da jin tambayar sai a ce shirme ce. Amma tana da amsa.

Sai mu fara da kalmar zobe. Fassara ce daga Jamusanci, kada kowa ya nemi azurfa a ciki. Zobe shi ne tarin abubuwan da ake iya tarawa, a ɗebe, a ninka, kuma a irin wanda muke magana a kai, a sau b daidai yake da b sau a. Rabawa ba dole ba ce. Cikakkun lambobi zobe ne. Jimlolin aljabara irin su x² + 3y − 5 zobe ne. Lissafin agogo ma, inda ƙarfe 9 da awa 5 ke ba da ƙarfe 2, zobe ne.

A cikin cikakkun lambobi akwai waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, kamar 2, 3, 5, 7. Za mu kira su lambobin tushe, domin kowace lamba da ta wuce 1 daga ninka su take fitowa, ta hanya ɗaya tak. Masana sun saba da wannan ƙa'ida har wasu suka ɗauka ko'ina haka take. A shekarar 1847 Gabriel Lamé ya tsaya gaban majalisar masana kimiyya ta Faris ya ce ya warware shahararriyar matsalar nan ta Fermat. Ashe ya dogara ne ga wannan ƙa'ida a cikin wasu sababbin lambobi, Joseph Liouville kuwa ya tambaye shi hujja nan take. Can a Jamus, Ernst Kummer ya riga ya gano tun 1844 cewa ƙa'idar tana karyewa. Matsalar Fermat ba ta warwaru ba sai a 1994, a hannun Andrew Wiles.

Ga misali mafi sauƙi na karyewar. A ƙara wa cikakkun lambobi √−5, watau abin da in an ninka shi da kansa a sami −5. Sai mu ga 6 daidai take da 2 sau 3, kuma daidai take da (1 + √−5) sau (1 − √−5), ga shi babu ɗaya cikin huɗun nan da ke ƙara rabuwa. Hanya ta zama biyu. Kummer ya ce a ƙaddara akwai wasu ɓoyayyun lambobi a ƙarƙashin irin waɗannan. A 1871 Richard Dedekind ya ce ba sai an ƙaddara ba, a daina duban lamba ita kaɗai, a dubi dukan abin da take haifarwa. Wannan tari shi ake kira aidiyal: in ka tara ko ka ɗebe biyu daga cikinsa, amsar tana ciki, in ka ninka na ciki da kowane abu na zoben, amsar tana ciki. Dukan ninkin 5, wanda muke rubutawa (5), aidiyal ne.

Aidiyal yana zama na tushe idan bai cinye zoben duka ba, kuma duk lokacin da a sau b ya faɗa cikinsa, to lalle a ko b yana ciki. (5) na tushe ne. (6) ba na tushe ba ne, don 2 sau 3 yana ciki, amma 2 da 3 duk suna waje. Da wannan Dedekind ya gyara ɓarakar: a wancan zobe na √−5, aidiyal (6) yana rabuwa gida huɗu na tushe, ɗaya ya zo sau biyu, kuma hanyoyin nan biyu da muka gani bambancinsu kawai wajen yadda aka haɗa huɗun nan bibbiyu.

Yanzu mu koma kan fili mai x da y. Jimlar da ke zama sifiri a ko'ina cikin filin ita ce 0 kaɗai. Waɗanda ke zama sifiri a kan layin da ke kwance su ne ninkin y, watau (y). Waɗanda ke zama sifiri a ɗigon tsakiya su ne duk abin da x da y suka haifa, watau (x, y). Ku lura, siffa tana ƙanƙancewa, aidiyal yana girma. Dukansu uku na tushe ne, kowane yana cikin na gabansa: (0) cikin (y), (y) cikin (x, y). Sarƙa ce mai taki biyu, kuma an tabbatar ba a samun wadda ta fi ta tsawo. Fili, fuska biyu. Wannan ita ce ma'anar da ke ɗauke da sunan Wolfgang Krull: yawan fuskar zobe shi ne yawan takin sarƙa mafi tsawo ta aidiyal na tushe.

Daɗin ma'anar shi ne ba ta bukatar zane. A cikakkun lambobi (0) na tushe ne, domin lambobi biyu ba sa ninkuwa su ba da sifiri sai ɗayarsu sifiri ce. Daga (0) sai (5), babu na tushe a tsakani, babu na tushe a sama. Taki ɗaya ke nan. Ashe cikakkun lambobi kamar layi suke, lambobin tushe su ne ɗigoginsa. Agogo mai awa 12 kuwa yana da na tushe biyu kacal, (2) da (3), babu wanda ke cikin wani. Fuskarsa sifiri, ɗigo biyu ne a ware.

Akwai sharaɗin da ya sa wannan ilmi ya zauna da gindinsa, wanda Emmy Noether ta fito da muhimmancinsa a 1921 a Gotingen: duk jerin aidiyal da ke ta girma dole ya tsaya wata rana. Wannan baiwar Allah, gwamnatin Hitler ta kore ta daga koyarwa a 1933 saboda Bayahudiya ce, ta tafi Amurka, ta rasu a can a 1935. A cikin zoben da ya cika sharaɗinta, Krull ya tabbatar a 1928 cewa ma'auni guda ba ya rage fuska fiye da ɗaya. Shi ya sa a sakandare, in aka ba mu x da y, sai an ba mu ma'auni biyu kafin mu kai ga ɗigo.

Wani zai ɗaga hannu ya ce, to x² + y² = 0 fa? Ma'auni ɗaya ne, ga shi a takarda ɗigo ɗaya kawai yake bayarwa. Gaskiya ne, amma ido ne ya gaza. Aidiyal (x² + y²) taki ɗaya yake sama da (0), kuma da zarar an shigo da √−1 sai jimlar ta rabu biyu, layi biyu su bayyana, su gicciye a wancan ɗigon da muke gani. A ganinmu wannan misali ya fi kowane nuna inda aljabara ta sha gaban zane.

Kada kuma mu ba ku labarin da ya fi gaskiya santsi. Hankali yana cewa in an ƙara wa zobe harafi guda, fuska ɗaya za ta ƙaru. Haka ne a zoben da ya cika sharaɗin Noether. In bai cika ba, Abraham Seidenberg ya nuna a 1953 da 1954 cewa zobe mai fuska n yana iya komawa ko nawa daga n + 1 har zuwa 2n + 1. Sharaɗin ma bai toshe kowace kafa ba. Masayoshi Nagata na ƙasar Japan ya ƙera zobe a 1956 inda sarƙoƙi biyu suka tashi daga wuri ɗaya suka sauka wuri ɗaya, ba a iya cusa kome a tsakanin takinsu, amma tsawonsu ya bambanta. A littafinsa na 1962 kuma ya kawo wani zoben da kowace sarƙa a cikinsa tana ƙarewa, amma duk wadda ka kawo akwai wadda ta fi ta tsawo, don haka yawan fuskarsa ba shi da iyaka. Wasunmu sun fi son a tsallake irin waɗannan misalai lokacin shirin jarrabawa. Mu dai ba mu yarda ba, don su ne ke nuna wa ɗalibi wane sharaɗi ne ke ɗauke da nauyin hujja.

Kafin shugaba ya buɗe fagen tambayoyi, ga aiki ga masu alƙalami a hannu. Jimlolin x waɗanda aka gina da cikakkun lambobi suna da sarƙar (0), (5), (5, x), watau fuska biyu, tamkar fili, ko da yake harafi ɗaya ne a ciki. A ƙara y, a rubuto mana sarƙa mai taki uku.