Mai Goge-goge Ma Yana Cikin Masu Jinya



Wusasa ta daɗe da sanin jinya. A 1929 mishan ɗin CMS ya baro cikin ganuwar Zariya ya tare a nan, ga asibitin St. Luke yana karɓar marasa lafiya har yau, kuma a makarantar mishan ɗin Dokta Barau Dikko, likitan Arewa na farko, ya yi karatunsa na farko. Don haka zan yi magana kai tsaye a kan ciwon da mutum yake ɗauka a cikin asibiti, wanda bai zo da shi daga gida ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 suna kamuwa da irin wannan cuta. Abin ya fi muni a ɗakin kulawa ta musamman, inda aka sa wa mutum robar numfashi da ta fitsari, ga allura a jijiya. Kowacce ƙofa ce ga cuta. Ƙwayar cuta irin Acinetobacter tana yin makonni a kan busasshen ƙarfen gado. Malamar jinya ta dafa ƙarfen, ta juya ta gyara ledar ƙarin ruwa, shi ke nan.

To, wa ke tsaron ƙarfen gadon? Mai goge-goge, wanda albashinsa ya fi na kowa ƙanƙanta, kuma sau da yawa ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa aikin. Wannan yana damuna ƙwarai.

Aikin nan ilimi ne. Sai an wanke da ruwa da sabulu tukuna kafin a sa kulorin, domin jini da datti suna karya ƙarfin kulorin. Don tsaftar yau da kullum, ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ya isa; inda jini ya zuba, kashi 0.5. Idan kwalbar Jik ɗinku ta nuna 3.5, awo ɗaya cikin awo shida na ruwa shi ne 0.5 ɗin. A bar wurin da jiƙa aƙalla minti ɗaya. A haɗa sabo kowace safiya, don zafinmu yana sa na jiya ya salance. A fara daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti, kuma tsumman da ya goge gadon wannan kada ya taɓa na wancan. Da hunturu, ƙura kan ninka aikin.

Ku kuma 'yan dubiya, zumunci ibada ne, amma kada ku ga laifin malamar da ta tsayar da ku a ƙofa ta ce ku wanke hannu.

Roƙona ga hukumomin asibitocinmu, daga nan Wusasa har Shika: ku horar da masu goge-goge, ku ba su safar hannu, ku tanadi ruwa, ku biya su a kan kari. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.