Riƙon Dukiyar Gida Bayan Mai Gida: Laccar da Aka Gabatar a Birnin Gwari



Babu wanda ke zaune a nan da bai san gidan da aka yi arziki ba, aka tara shanu da gonaki da manyan motoci, amma shekara biyar bayan rasuwar mai gidan sai ka tarar an sayar da komai, 'ya'ya suna gaban alƙali. Sau da yawa magadan ba lalatattu ba ne. Abin da ya faru shi ne, lissafin dukiyar a kan mutum ɗaya yake. Shi ya san wanda yake bi bashi, shi ya san makiyayin da ke riƙe masa garke, shi ya san inda takardar fili take. Ranar da aka binne shi, an binne littafin gidan tare da shi.

Mu duba Kano. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji, ya tashi maraya. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja har Ankara, sannan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa. A 1929, da aka buɗe reshen banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Amma aikinsa da ya fi wannan shi ne abin da ya yi kafin rasuwarsa a 1955. Ya sa 'ya'yansa cikin harkar tun yana raye, ya tara su ya hore su da zama tsintsiya ɗaya, kada kamfanin gidan ya wargaje. An raba gado bisa shari'a, kowa ya san rabonsa, kasuwancin kuwa ya ci gaba a hannun 'ya'yansa Ahmadu da Sanusi da Aminu. Alhaji Aminu Dantata ya riƙe amanar har rasuwarsa a 2025, shekara 70 bayan mahaifinsa. Daga wannan zuriya Aliko Dangote ya fito, jikan Sanusi ta wajen uwa.

Attajiran duniya sun mayar da wannan riƙo hukuma mai zaman kanta, suna kiranta ofishin kula da dukiyar iyali. Gidan Rockefeller na Amurka ya kafa nasa tun 1882. A 2024 aka bayyana cewa gidan Dangote zai buɗe irinsa a Dubai, a ƙarƙashin 'yarsa Halima. Aikin ofishin a bayyane yake: ya rubuta duk abin da gida ya mallaka, ya rarraba jari a sana'o'i daban-daban, ya biya haraji da zakka, ya tsara gado, ya horar da masu tasowa. Kakanninmu fatake sun san rabin wannan, domin kowane babban mai gida yana da akawu da ma'aji da yaran gida. Abin da ya rage mana shi ne rubutu da ƙa'idar da za ta rayu bayan mai ita.

Mu mutanen Birnin Gwari mun fi kowa sanin dalilin yin haka. Dukiyarmu tana cikin shanu, da masara a rumbu, da katako, da zinaren da ake haƙa a ƙasarmu tun zamanin Turawa. Da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku da Kuyambana, suka tare hanyar Kaduna da ta Funtua, mun ga garken shekara talatin ya tafi a dare ɗaya, mun ga an sayar da gona don biyan kuɗin fansa. Bayan sulhun da aka yi da su a ƙarshen 2024 an sake buɗe karar shanu, kasuwa ta fara dawowa. Duk wanda Allah ya mayar wa da abin hannu, kada ya sake tara shi a waje guda.

Ina ba da shawara huɗu.

Ta farko, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kowace gona, kowane kiwo, kowane bashi ya shiga littafi, mutum biyu amintattu su san inda yake.

Ta biyu, a raba aljihun gida da na kasuwa. A yi wa harkar rajista a matsayin kamfani. In mai gida ya rasu, sai a raba hannun jari bisa rabon da Allah ya yanka, mace da namiji kowa da nasa, uwargida da amarya da tumuninsu, ba tare da an tsinke motar da ke ciyar da gidan an sayar ba.

Ta uku, a horar da yara, har da mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A zaunar da su taron iyali ko sau ɗaya a shekara, a karanta musu riba da asara, a ɗauki ƙwararren akawu ko da bare ne.

Ta huɗu, a ware haƙƙin Allah. A fitar da zakka da lissafi: kashi 2.5 cikin 100 na kuɗi da haja, ɗan maraƙi a shanu 30. Shari'a ta yarda mutum ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Akwai kuma wakafi. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina, har yau ana amfana da wakafinta. Makaranta ko rijiya ko asibiti da aka tsayar wa gona mai ciyar da shi, ya fi gaban rigimar magada.

Alhazai, iyayena, mutuwa ba ta sallama. Wanda ya koma gida yau, ya kira babban ɗansa da babbar 'yarsa, ya ɗauko littafi, a fara rubutawa tun yana da bakin yin bayani. Allah ya sa albarka a abin da muka tara, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.