YARON DA BA YA ZAMA WURI GUDA

Jawabi ga iyaye ɗaliban yaƙi da jahilci

Jama'a, kowane gari akwai irin yaron nan. Ba ya zama wuri guda. A aike shi sayen gishiri, ya dawo hannu banza, ya mance. A lakkol, mushe na bayani, shi ko hankalinshi na ga akuyar da ke kuka waje. Sai a ce daƙiƙi ne, a ɗauko bulala.

Sau da yawa ba rashin tarbiyya ba ne. Likitoci sun san abin, da Faransanci suna ce mishi TDAH. Cikin yara 100, wajen 5 na da shi, kuma galibi gadonshi ake yi.

Ga yadda abin yake. Cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarai masu kai saƙo, kamar 'yan aike. Biyu daga ciki su ne dopamin da noradirenalin. Suna taimakon gaban ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, wurin da ke riƙe hankali, ya tsai da mutum kafin ya aikata abu. Ga yaron nan, saƙon ba ya isa daidai. Doki ne mai ƙarhi, linzaminshi sako-sako. Dopamin kuma shi ke sa mutum ya ji daɗin aikin da yake yi. Shi ya sa yaron kan wuni yana ƙera motar kara bai gaji ba, amma minti 10 na lissahi sun hi ƙarhinshi. Basira yana da ita.

A 1937, wani likitan Amurka, Charles Bradley, ya ba irin yaran nan wani magani, ya ga karatun da yawansu ya gyaru. Yau akwai magunguna masu ƙarfafa aikin dopamin, amma likita kaɗai ke rubuta su. Kada a sayo ƙwaya wurin masu tallar magani cikin kasuwa.

Kafin a ce TDAH ne, a kai yaro likita a duba kunnuwa da idanu. Yunwa, ƙarancin jini da rashin barci su ma suna ɗauke hankali.

Bugu ba ya gyara dopamin. Mushe ya zaunar da yaron gaba, nesa da taga. A gida, a ba shi aike guda, ya gama, sannan na biyu. In ya yi daidai, a yaba mishi nan take, kada a bari sai gobe.