Ƙadangare Biyu a Akwati Ɗaya: Zaman Lafiya ko Zaman Dole?



Mun sani sarai da aka sanar da kan maganarmu ta yau wasu sun yi dariya, suna cewa duk matsalolin da suka dami ƙasa a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai ƙadangare. Ba mu ga laifinsu ba. Mu da muka tashi a Gangara, cikin ƙasar Sabon Birnin Gobir, ba mu san ƙadangare da wani matsayi ba in ban da abin da yara ke koyon jifa da shi. Amma muna roƙo ku ba mu aron kunnuwanku na ɗan lokaci, watakila kafin mu tashi mu ga cewa ƙaramar tambaya tana iya koya wa mutum babban karatu.

Tambayar ita ce: a Turai da Amurka akwai wani irin ƙadangare da mutane ke kiwo cikin ɗakunansu, kamar yadda mu muke kiwon tantabara, to, shin ana iya haɗa biyu ko fiye a akwati ɗaya su zauna lafiya? Turawa sun laƙaba masa sunan dodo mai gemu, saboda wata fata mai ƙaya-ƙaya da ke ƙarƙashin haɓarsa, wadda yakan kumbura ta, ta yi baƙi, in ransa ya ɓaci. Masana kuwa suna kiransa Pogona vitticeps, kuma wani Bajamushe mai suna Ernst Ahl ne ya fara bayyana siffarsa a rubuce cikin 1926. Asalinsa daga busasshiyar ƙasar tsakiyar Ostareliya yake, inda rana ke dukan ƙasa kamar yadda take dukan tamu a watan bazara. Tsawonsa yakan kai wajen santimita 60 in an haɗa da wutsiya, kuma in ya sami kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15 a hannun mai shi.

Ba sai mun je Ostareliya neman amsa ba, domin wannan baƙo ɗan'uwan ƙadangarenmu ne. Masana sun sa su cikin dangi ɗaya, watau Agamidae, namu kuwa shi ne Agama agama. Duk wanda ya taɓa zama a gindin katanga da hantsi a Gangara, ko a Isa, ko a Sabon Birni, ya ga yadda suke gudanar da mulkinsu. Za ka ga jan gwada ɗaya, kai ja jiki shuɗi, ya hau kan rumbu ko ƙololuwar katanga yana gyaɗa kai, mata da ƙanana suna kai da kawowa a ƙasa da shi. Da wuya ka ga jan gwada biyu sun jeru a kan rumbu ɗaya. In wani ya kutso, sai mai wuri ya taso masa, su juya wa juna gefe, su dinga dukan juna da wutsiya, har ɗaya ya karaya ya ruga. Wani malami Bature, Vernon Harris, ya daɗe yana lura da wannan hali a Ibadan, ƙasar abokan wasanmu Yarbawa, ya kuma buga littafi a kan rayuwar ƙadangaren cikin 1964. Abin da ya bayyana shi ne abin da kowane yaron Gobir ya gani da idonsa: kowane babban namiji da yankinsa, kuma namijin da ba shi da yanki launinsa a dusashe yake.

To, in haka ne, me ya sa ba mu ganin gawar ƙadangare a gindin kowace katanga? A nan ne jigon maganarmu yake. Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mukan yi wannan karin magana don zargin mai shiga tsakanin 'yan'uwa, amma in muka dube ta da idon ƙadangaren, tsagar nan ita ce ransa. Wanda aka kayar yana da inda zai gudu: ya faɗa tsagar bango, ko ya haye darni, ko ya koma gidan maƙwabta ya nemi wata katangar da ba ta da mai ita. Zaman lafiyar da muke gani a kan katanga yalwar wuri ce ta kawo shi. Akwatin gilashi kuwa ba shi da tsaga.

Mu kanmu mun taɓa gwadawa, ko da yake ba da niyyar bincike ba. Muna yara mun kama jan gwada biyu da tarkon zare, muka jefa su cikin wani tsohon tulu, muka rufe da faifai, wai mun sami dabbobin kiwo. Da gari ya waye muka tarar ɗaya ya karye a wutsiya, jan kansa ya dusashe, ya lafe a gindin tulu ko motsi ba ya yi. Kakarmu ta yi mana faɗa, ta ce mu sake su tun ba mu ɗauki alhaki ba. A ranar mun ɗauka rashin sa'a ne muka haɗa mafaɗata biyu. Yanzu mun gane cewa tulun ne mai laifi, da mu da muka rufe shi.

Shi kuwa mai gemu ya fi namu ƙin cuɗanya. A dajinsu shi kaɗai yake yawo, ba ya neman ɗan'uwansa sai lokacin barbara. In aka kulle biyu wuri ɗaya, ɓarnar takan zo ta hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce rana. Ƙadangare jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa kamar namu, sai ya sha hantsi sa'an nan yake iya narkar da abinci. Saboda haka masu kiwo sukan rataya fitila a gefe ɗaya na akwatin, zafin wurin ya kai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin santigireti, su kuma ƙara wata fitilar mai ba da irin hasken rana da jiki ke bukata kafin ya amfana da sinadarin gina ƙashi. Wurin shan ɗumin nan ɗaya ne, mai ƙarfi kuwa shi zai kama shi. Sau da yawa akan ga hoton biyu, ɗaya ya kwanta a bayan ɗaya, mutane suna cewa dubi ƙauna. Kallon kitse ake yi wa rogo. Na sama ya tare zafi da haske, na ƙasa kuma yana nan a inuwa, a hankali ƙashinsa ya yi laushi, muƙamuƙinsa da ƙafafunsa su lanƙwashe.

Ta biyu ita ce abinci. Mai akwati yakan zuba ƙwari da ganye isassu, ya ga kwano ya ƙare, ya ce kowa ya ci. Alhali kuwa ɗaya ne ya cinye, ɗayan tsoro ya hana shi matsowa. Bayan 'yan watanni sai a ga waɗanda aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, wani ya ninka wani girma.

Ta uku ita ce cizo. Sukan guntule wa juna yatsu da ƙarshen wutsiya, kuma wutsiyar mai gemu in ta tafi ba ta sake tsirowa kamar ta tsaka. Babba ma yakan haɗiye ƙarami ɗungum, domin duk abin da ke motsi, in ya shiga bakinsa, abinci ne a wurinsa.

Ta huɗu ita ce cuta. Tsutsar ciki da sauran ƙwayoyin cuta suna bin kashi daga wannan zuwa wancan, in ɗaya ya kamu an gama da duka. Mai kiwon ma bai tsira ba, don cikin 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da sanarwar ɓarkewar ciwon gudawa na salmonela wanda aka gano ya fito daga waɗannan dabbobi. Wanke hannu bayan taɓa su wajibi ne.

Saboda haka ga amsa a taƙaice. Maza biyu, ko kusa kada a haɗa. Namiji da mace, shi zai dame ta da barbara da cizon wuya, ita kuma ta yi ta zuba ƙwai wajen 20 a lokaci guda, sau da dama cikin shekara, har jikinta ya ƙare. Mata biyu masu girma ɗaya wani lokaci sukan daɗe ba a ga faɗa ba, amma danniyar tana nan, kuma rana ɗaya ta isa a wayi gari da rauni. Babba da ƙarami kuwa mun riga mun faɗi makomarsu. Abin da likitocin dabbobi ke ba da shawara shi ne kowane ɗaya da akwatinsa, mai tsawon santimita 120 da faɗin 60 a ƙalla. Wanda ba shi da halin akwati biyu ya tsaya a kan ɗaya. Kada tausayi ya ruɗe shi ya ce dabbar tana jin kaɗaici. Kaɗaicin a zuciyar mai kiwo yake.

Jama'a, ba mu ce mutum ƙadangare ne ba. Ɗan Adam ba ya rayuwa sai da 'yan'uwansa, kuma Allah ya ba shi hankali da kunya da haƙuri waɗanda ke sa goma su kwana a ɗakin mutum huɗu, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka sani a ɗakunan kwanan ɗalibai. Amma kuskuren mai akwati kuskure ne da ke jiran kowane ɗayanmu ranar da aka ba shi ofis. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen ƙasarmu daga ƙauyukansu, wasu suka cunkushe a Sabon Birni da Isa, wasu suka ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi. Jami'in da aka aika ya duba irin wannan wuri, in ya tarar ba a faɗa, ya ga buhunan hatsi sun ƙare, yana iya komawa ya rubuta cewa kome lafiya. Mu da muka san labarin kwanon nan ya kamata mu ƙara tambaya: wa ya ci, wa aka tare wa rana, wa kuma ya yi shiru don ba shi da inda za shi? Shirun na ƙasa ba shaidar yarda ba ne.

In mun koma gida hutu, Allah ya sa lafiya ta samu, mu ɗan zauna a gindin katanga da hantsi mu yi kallon jan gwada, mu kuma hana ƙannenmu jifarsa.  Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.