Ƙarar Jirgi Inda Babu Iska



Yau zancenmu a kan fim ne da jirgin yaƙi. Kun tuna Star Wars, fim ɗin Amurka na 1977? Ina yaro, rugugin jiragensa ne ya fi burge ni. Amma fa can sararin samaniya, inda suke faɗa, babu iska. Inda babu iska, babu ƙara. Inda babu iska, fuka-fuki ba su da aiki.

To, me ya sa jiragen fim ɗin suke karkata suna juyi kamar shaho? Saboda George Lucas, wanda ya shirya fim ɗin, faɗan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ya kwaikwaya. Hotunansu ya ba ma'aikatansa su bi. Ni kam ban ga laifinsa ba. Wa zai biya kuɗi ya kalli faɗan shiru?

A huta lafiya.